Koren Alƙalamin Inna Shatu

Duk faɗin Daura, in ka ɗebe Inna Shatu, babu wanda ya ji zafi ranar da kamfanin Turawan nan ya ce zai rufe Allo. Kai, ba Daura kaɗai ba, har can ƙasarsu ma an ce ko a jikin mutane. Dama me za a ji? Abu ne mai shan data, ga nauyin buɗewa, ga sa waya zafi har ka iya ɗumama koko a bayanta. Sunansa na gaskiya ma ba mai iya faɗa sai ya ciji harshe, shi ya sa matan unguwar suka raɗa masa Allo, kowa ya huta.

Farin fili ne a cikin waya, wanda mutane da yawa ke iya yin zane a kansa lokaci guda, kowa daga inda yake zaune, kowa da launin alƙalaminsa. In wani na jan layi a Kongolam, kai kana Daura za ka ga layin yana tafiya a gaban idonka, kana iya sa yatsa ka goge masa ko ka ƙara. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya kira, ba ya ɗaukar murya, ba ya nuna fuskar kowa.

Harisu ne ya kawo shi. Mai zanen hula ne, shagonsa na Kongolam a bakin iyaka, inda 'yan kasuwar Matamai da Damagaram ke sari a hannunsa. Shi ke fitar da zane, matan Daura su ɗinka. A da sai ya zana a ƙyalle ya ba direba, in matan sun ga inda allura ba za ta bi ba a mayar masa, ƙyallen ya yi ta yawo a mota har ya yi dauɗa. Da Allo ya zo sai ya zana da safe, shugabar masu ɗinki ta duba ta gyara, sannan ya sauke zanen a ƙyalle sau ɗaya. Shugabar ita ce Inna Shatu, wadda ta fara riƙe allura tun ba a haifi Harisu ba. Ta kuwa san lokacin da aka haife shi sarai, don ita ta haife shi.

To, a nan maganar take. Harisu ɗan fari ne, Inna Shatu kuwa 'yar Fulanin garin Babban Mutum ce, gidan da ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ana yaye shi uwarta, Goggo, ta goya abinta ta tafi da shi. Ya tashi yana ce wa uwarsa Adda, yadda ya ji ƙannenta na faɗa. Ita kuma sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In ta kama dole, Na Goggo take cewa, in abin ya yi tsanani ta ce mutanen Kongolam, sai ka ce gari guda ta haifa. In ya zo gida ran Juma'a zai durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Adda, ina wuni," ita kuma ta ce wa bango, "Lafiya," ta miƙe ta shige ɗaki. Can bayan labule za ta tsaya tana sauraren hirarsa da ƙanwarsa, tana auna ƙiba da ramarsa daga jin murya.

Kada wani ya ce ba ta sonsa. Wallahi duk cikin 'ya'yanta babu wanda ke kwana a ranta kamarsa. Abin dai ba shi da ƙofar fita ne, sai da Allo ya zo.

Kullum in ta idar da sallar asuba ta dama koko, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida ta buɗe waya. Alƙalaminta kore ne, nasa shuɗi. Ba ta daɗe da zama sai shuɗin ɗigo ya bayyana a kusurwa, ya fara tafiya. Ta ga bakin hula ya fito, ta ga fure ya buɗe, ta ga sarƙa ta zagaye shi. Daga tafiyar ɗigon take sanin ko ya yi barci sosai, ko yana sauri, ko wani ya ɓata masa rai.

Kuma kullum sai an sami layi ɗaya da ya karkace. Kullum fa! Mutumin da ake tahowa tun daga Damagaram saboda miƙewar hannunsa. Inna Shatu za ta ja tsaki yadda duk gidan zai ji, ta ce, "Ji wannan! Hannu sai ka ce na mai koyo." Ta sa yatsa ta goge, ta ja kore a wurin. Shuɗin ɗigon zai tsaya cak har ta gama, sannan ya ci gaba da aikinsa. Ta san da gangan yake yi, shi ma ya san ta sani. Gaisuwarsa ke nan, amsarta ke nan, kuma ba wanda ya karya al'ada, don ba da shi ta yi magana ba, da layi ta yi.

Ranar da zazzaɓi ya kama shi a damina, kafin kowa ya ji ita ta sani. Karkatar ranar ba ta gangan ba ce, layukan duk rawa suke yi. Kafin rana ta take ta dama fura, ta tafasa saiwa, ta ce a ba direba ya kai wa mutanen Kongolam, wai ta ji a rediyo ana fama da zazzaɓi a can.

Auta ce ta karanta mata saƙon kamfanin. Sunanta Murjanatu, malamar firamare ce, gidan mijinta na bayan layin, amma har yau tuwon uwarta take ci. Ita kam tsakaninta da Inna Shatu ba kunya ba shamaki, har cinyarta take yi matashi. Rannan da la'asar matan na zaune suna ɗinki, Auta ta ɗauki wayar tana neman wani hoto, sai ta ci karo da Turancin.

"Inna, sun ce ƙarshen watan nan za su rufe shi."

"Su rufe me?"

"Allo. Wai mutane ba sa amfani da shi."

Inna Shatu ta soke allura a ƙyalle. "Mu ba mutane ba ne?"

"Mutane da yawa suke nufi, Inna."

Rabi, maƙwabciyarta kuma ƙawarta tun suna amare, ta ɗaga hannu biyu sama. "Alhamdu lillahi! Allah Ya raka shi da nesa. Ni tun ranar da ya shanye min data a wuni ɗaya na yi masa Allah Ya isa, ga shi kuwa ta kama shi."

Matan suka kwashe da dariya. Auta ta ce ai ba abin damuwa ba ne, Yaya Harisu ya riga ya buɗe musu zaure a Wasaf. Zai turo hoton zane, mai gyara ta danna ta yi magana, shi ke nan.

"Ta yi magana da wa?" in ji Inna Shatu.

"Da shi mana."

Inna Shatu ta sunkuyar da kai kan ɗinkinta. Ta danna ta ce me? Muryarta ta tafi har cikin kunnen ɗan farinta, a gaban matan unguwa, kowa na saurare yana maimaitawa? Ko da wuƙa a wuyanta ba za ta iya ba. Ga shi ba damar ta faɗi dalili. Ranar da ta ce tana kewar Na Goggo, Rabi za ta ɗauki maganar ta zagaya da ita duk gidan suna da na biki har bayan Sallah. Sai ta ɗaure fuska ta ce hoto ba ya nuna zurfin layi, kuma Wasaf na yara ne da masu yaɗa ƙarya.

"Wane zurfi kuma layi ke da shi, Shatu?" in ji Rabi. "Rijiya ce?"

Inna Shatu ta ja zare da ƙarfi har ya tsinke.

Da magariba mijinta, Malam Mati, dillalin shanu, ya dawo daga kasuwar Mai'adua. Ta bari ya ci ya sha, sannan ta zauna gefe.

"Malam, akwai wani kamfani da ke neman karyewa. A sa su a addu'a."

"Wane kamfani?"

"Masu Allon nan da muke aiki da shi."

"Me suke sayarwa?"

"Ba sa sayar da komai. Kyauta ne."

"To ai dole su karye," in ji Malam Mati. "Ni ko tsohuwar saniya ban taɓa bayarwa kyauta ba, ga ni ina nan."

"Ni dai na ce a sa su a addu'a."

Malam Mati ya daɗe yana kallonta. Ya sha fitowa da safe ya same ta tana yi wa waya tsaki fuskarta a sake. Shi ma ɗan farinsa ne, ya san inda ke mata ciwo, amma shi ma bakinsa a ɗaure yake. Ya sakace haƙori ya ce, "Za a sa su."

Addu'a dai an yi, amma Inna Shatu ba ta cikin masu zaman jira. Ta kwana tana juya maganar Auta. Mutane suke so? Mutane kawai? Ita da ta tara matan unguwa uku ranar bikin Auta har aka rasa wurin ajiye takalmi! Da hantsi ta yafa mayafi ta nufi bakin tasha, wurin Badaru mai cajin waya, wanda wayoyin direbobi da 'yan acaɓa ke wuni a teburinsa.

"Badaru, duk wayar da aka kawo maka ka sa mata Allo, Turawan sun ce za su rufe shi don ba jama'a."

Badaru ya sosa ƙeya. "Inna, waɗannan mutanen fa in suna maganar jama'a, Daura da Katsina a haɗe ba su kai su ɗaga kai su duba ba."

"Kai ka taɓa zuwa ƙasar tasu?"

"A'a."

"To saka."

Ta ajiye masa kwanon fura mai sanyi. Badaru ya leƙa kwanon, ya ga nono har da mai a sama, ya ce ai Inna ta fi shi gaskiya.

Ranar sunan jikar Rabi kuwa aka ga abin mamaki. Kowa na zagayawa da farantin abinci, Inna Shatu na zagayawa da faranti tana karɓar wayoyi. Ta zaunar da Auta a ƙuryar ɗaki tana sakawa, har babban yatsanta ya yi tsami. Auta ta ce a buɗe wa kowa nasa filin daban, Inna Shatu ta ce ina! Kowa a zuba shi a namu, Turawan su leƙo su ga taro a wuri ɗaya, su ji kunya.

"Inna, za su ɓata aikin fa."

"Ke dai zuba su."

Taro kam an yi. Washegari da ta buɗe waya a gindin darbejiya sai da ta yi salati. Farin filin nan ya zama kasuwa. Ja, ɗorawa, ruwan hoda, launukan da ba ta ma san sunansu ba. Wani ya zana kaza. Wata amarya na gwada zanen lalle. Wani ɗan acaɓa ya rubuta yana sayar da babur, lafiyarsa lau sai dai birki. Daga can wani gwani ya zana rago mai ƙafa biyar, wasu kuma suka taru a ƙasansa suna musu a kan ko rago ne ko jaki.

Shuɗin ɗigon ya zo a kan lokacinsa. Ya samu ɗan sarari ya fara bakin hula. Bai kai rabi ba wani ya ɗora wa hular tabarau, wani ya yi mata gemu. Ɗigon ya koma wata kusurwa, aka biyo shi da kaza. Inna Shatu na gogewa, ana ƙarawa, tana zagi, ba mai jinta. Ɗigon ya ɗan tsaya kamar mai neman wani a tasha, sannan ya ɓace.

Haka aka yi washegari. Bayan nan bai ƙara zuwa ba.

Aiki ba ya jira, ga 'yan Damagaram na matsa masa, sai hotuna suka fara shigowa Wasaf. Zane tsaf, kowane layi a miƙe, babu ko ɗaya da ya karkace. Wa zai karkatar wa? Matan suka yi ta danna waya suna zuba yabo, Rabi har da guɗa. "Kin gani ko, Shatu? Ashe Allon ne ke ɓata wa yaron nan hannu. Yanzu ko gyara ba a buƙata, sai ki huta."

Maganar ta soki Inna Shatu har ƙashi. Kwanakin da suka rage mata 'yan kaɗan ne, ga shi ta kore shi da hannunta. Ta tashi ta shiga madafa ta hura wuta da ɗanyen itace, don duk wanda ya ga idonta ya ce hayaƙi ne.

Auta ta biyo ta, ta jingina da ƙofa tana tari. Malama ce, ta saba gane yaron da ke ɓoye abu.

"Inna, in kore su?"

"Dama wa ya ce ki tara su?"

Auta ta zauna a kan turmi ta bi su ɗaya bayan ɗaya, da mai kaza da mai babur da amarya, ta fitar da su, ta share filin tas. Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, bari ta kira Yaya ta ce masa an share Allo.

"Wa ya aike ki?" in ji Inna Shatu, amma ta daina fifita wuta don ta ji.

Wayar ba ta shiga ba. Aka sake, ba ta shiga ba. Da aka tambayi direba ya ce ai Harisu ya tsallaka Damagaram kai kaya, can kuma layinsa ba ya kamawa, ba a san ranar dawowarsa ba. Auta ta bar masa saƙo, saƙon ya tsaya a hanya.

Safiya ta yi ta zuwa tana wucewa. Inna Shatu na buɗe waya, farin fili, koren ɗigonta shi kaɗai. Koko ya yi sanyi a kwano. Har kajin gidan suka gane ba a shiga harkarta da safe.

Ranar ƙarshe, wadda Auta ta ce da hantsi za a rufe, ta shimfiɗa tabarmarta kamar kullum. Malam Mati ya fita kasuwa. Gari ya waye sarai, masu tallan ƙosai sun wuce, rana ta hau katanga. Babu kowa a Allo. Ta haƙura, ta ce Allah Ya sa dai lafiya yake.

Tana zaune tana kallon farin filin sai wani tunani ya zo mata. Ranar sunan Na Goggo tana ɗaki, yarinya ɗanya, kanta a ƙasa, ta jiyo sanƙira ya ɗaga murya a ƙofar gida yana faɗin sunan da yaro ya ci. Tun daga ranar sunan ke cikin bakinta, ba ta taɓa fitar da shi ba ko a mafarki. Ta yi makarantar allo a Babban Mutum, hannunta bai manta ajami ba. Ta waiga dama, ta waiga hagu. Ta ce a ranta ai ba kowa, kuma kafin azahar Turawa za su share komai, ko ita kanta ba za ta ƙara gani ba.

Ta sa yatsa. A hankali ta rubuta shi a tsakiyar filin, da kore, baƙi bayan baƙi. Harisu.

Ta zuba masa ido. Ashe haka yake da kyau. Ƙirjinta ya cika da wani irin daɗi mai zafi, har sai da ta dafe shi. Ta miƙa yatsa za ta goge ke nan, shuɗin ɗigo ya bayyana a kusurwa.

"Inna lillahi!"

Ta saki wayar a cinya, ta ja mayafi ta rufe fuska, tsofai-tsofai da ita, a gidan da ba kowa sai kaji. Yau ta shiga uku. Wa zai gaya wa Goggo a kabari abin da 'yarta ta aikata? Ta so ƙasa ta tsage. Ta daɗe a haka, sannan ta ɗaga gefen mayafin ta leƙa da ido ɗaya.

Ɗigon yana aiki. Bai taɓa rubutun ba, zagaye shi yake yi. Ya ja masa iyaka sama da ƙasa, ya ɗaura sarƙa, ya fitar da ganye daga wutsiyar baƙin ƙarshe ya kai shi ya haɗe da na farko. Kore a tsakiya, shuɗi na kewaye da shi, har jikin hula ya tashi sosai, irin wanda ba a taɓa ɗinkawa a Daura ba. Yanzu ko ta so gogewa ba dama, sai ta haɗa da aikinsa.

Da ya zo gefen hagu sai ya ja layi ɗaya ya karkatar da shi. Ba ƙaramar karkata ba, wadda ko daga ƙofar gida za a hango.

Dariya ta ƙwace wa Inna Shatu, hawaye na bin kumatunta. Ta ja tsaki, kaji suka watse. "Ji wannan! An je har Damagaram ba a koyo komai ba." Ta goge, ta ja kore a wurin, a miƙe. Shuɗin ɗigon ya tsaya cak har ta gama. Bai ci gaba ba, don aikin ya ƙare. Ita ma ba ta ɗauke nata ba. Suna nan tsaye gefe da gefe, kore da shuɗi, har filin ya yi fari fat, wani guntun Turanci ya fito.

Da Auta ta shigo cin tuwon rana ta miƙa mata ta karanta.

"Sun ce sun gode da kasancewa tare da su."

"Su ma an gode musu," in ji Inna Shatu. "Allah Ya ba su wata sana'ar."

Ba a yi kwana da yawa ba direba ya kawo ƙunshin ƙyallaye daga Kongolam. Ɗaya an naɗe shi daban, da saƙon baki, wai wannan ba ta kasuwa ba ce, kuma a sa koren zare a tsakiya. Harisu ya sauke zanen nan kaf, ya lanƙwasa baƙaƙen cikin ganye da sarƙa yadda sai mai neman su zai gan su. Rabi ta juya ƙyallen ta sake juyawa.

"Kai, wannan fure da kyau yake! Ba ni in ɗinka."

"Idonki ba zai iya ba," in ji Inna Shatu, ta fizge abinta.

Auta ta leƙo ta kafaɗarta. Ta yi Islamiyya, kallo ɗaya ta yi ta gane. Ta buɗe baki, uwarta ta aika mata da harara, sai ta cika bakin da lomar tuwo.

Hular nan ba a zaman tsakar gida aka ɗinka ta ba. A ɗaki take ɗinkinta, bakin taga, ta hana kowa taɓawa. Ita da ke gama hula tana hira, wannan in ɗinki ɗaya bai kwanta mata ba sai ta warware. Da ta gama ta ba Malam Mati ya kai wa masu wankin hula da kansa, ta ce in suka ƙona ta da guga kada su bari ta gan su.

Ran Juma'a bayan an sakko daga masallaci Harisu ya yi sallama. Malam Mati na kan tabarma, Auta na tsince shinkafa. Ya gaida mahaifinsa, sannan ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba.

"Adda, ina wuni."

"Lafiya," ta ce wa bango.

Ba ta dube shi ba, ta sa hannu ta turo faifai wajensa, hular na kai. Ya ɗauka da hannu biyu, ya daɗe yana juya ta. Ya cire ta kansa ya sa sabuwar. Inna Shatu ta miƙe za ta shige ɗaki kamar kullum. Har ta kama labule, wutsiyar idonta ta faɗa kansa.

Hular ta kwanta a kan kunnen hagu, sai ka ce ɗan tasha. Mutumin da ke koya wa alhazai sa hula a shagonsa!

Ta tsaya, labule a hannu. Ta ja tsaki. "Ji wannan."

"Yaya, hularka ta karka…" in ji Auta.

"Ke Auta, ɗebo min ruwa a randa," in ji Malam Mati, alhali ga kofi cike a gabansa.

Harisu bai motsa ba. Yana durƙushe, kansa a ƙasa, ya tsaya cak yana jira. Inna Shatu ta saki labulen. Taku kaɗan ne tsakaninsu, ta taka ta isa gabansa. Ta sa hannu biyu ta ɗaga hular, ta daidaita ta, ta danna. Ta ji ɗumin kansa a tafinta. Rabonta da taɓa kan nan tun maɗigarsa na motsi, yanzu ga furfura ta fara leƙowa ta bayan kunne. Hannunta ya ƙi ɗaguwa, sai da Malam Mati ya yi gyaran murya ya juya yana kallon darbejiya.

"A riƙa duba madubi," ta ce wa bango.

"To, Adda," in ji Harisu.

Ta shige ɗaki ta saki labule. Daga ciki aka jiyo ta tana faɗa, wai Auta ta zauna tana kallon mutane kamar ba ta da aiki, a zuba wa mutanen Kongolam abinci, kuma a sa nama da yawa.

Juma'ar da ta biyo baya ya dawo. Wannan karon gefen dama hular ta karkace.